Azumin da Na Koyi Zuba Ruwa a Sharaɗa

Bana na yi sakaci, na bar azumin Sitta Shawwal sai ƙarshen wata, daidai lokacin da bazara ta buɗe wuta. Jiya da azahar ina zaune a ofis aka ɗauke wuta, na'urar sanyaya ɗaki ta yi tsit, kafin minti goma rigata ta manne a bayana. Na yi ƙoƙarin haɗiye yawu, na ji babu abin haɗiyewa. Wallahi ban san lokacin da warin narkakkiyar roba ya dawo mini hanci ba, alhali rabona da bakin inji an yi shekaru. Sai ga ni na koma Sharaɗa, cikin wancan azumin da ba na son tunawa.

A shekarar, azumi ya faɗo ne a ƙarshen bazara, lokacin da hadari kan haɗu da yamma ya yi ta cika baki, iska ta zo ta watsar da shi a bar mu da gumi. Ina aiki a wani kamfanin roba, masu yin buta da bokiti da kujera. Aikina tsayuwa a bakin inji da reza: buta ta faɗo da zafinta, in kankare tsinin robar da ya saura a gefe, in jefa ta buhu. Ina da difloma ta kwamfuta, amma tana can ƙasan akwatin matata Zulai, zannuwa sun danne ta. 'Yarmu Ummi kuma watanta huɗu a duniya.

Wanda ke riƙe da injin da nake kankara a gabansa, inji na huɗu, shi ne Malam Ilu. Dattijo ne mutumin Haɗeja, ya ba sittin baya, ya fi shekara ashirin a kamfanin. Gidansu masunta ne, a kwale-kwale ya tashi, sai da kifi ya yi ƙaranci ya shigo Kano. Ba shi da yawan magana. Ranar da na fara aiki ya ga yatsuna sun yi bororo, ya yago tsumma daga tsohuwar rigarsa ya naɗa mini, ya ce, "Kar ka kama ta da ciki, kama ta da hannunta, nan ne ke fara hucewa." Tun daga ranar nake kiransa Baba.

Kasuwa ta mutu a shekarar. Wuta ba ta zuwa, dizal ya yi tsada, butoci sun cika sito har rufi ba mai ɗauka. Tun kafin a ga wata magana ta fito daga sama cewa bayan Sallah mutum goma sha biyar za su tafi daga sashenmu. Ba sai an faɗa ba, kowa ya san masu reza ne a sahun gaba, don aikin da ko wa aka kamo a titi zai iya ne. Na kwana uku ban gaya wa Zulai ba, sai da ta ji a bakin matar wani.

A saman masana'antar akwai wani ɗan ofis na katako da gilashi, nan Oga Bulus yake. Mutumin Filato ne, shi ke zana ƙarfen zubi, wato ƙarfen da ake ɗura wa narkakkiyar roba ta fito da siffar buta. Ya sha ganina lokacin hutu na duƙufa a waya ina kallon yadda ake haɗa ruwa da wuta da hayaƙi a kwamfuta, irin na finafinai. Kallo kawai nake, ban taɓa taɓawa ba. Rannan ya kira ni gaban Manaja. Ashe kamfanin ya zana sabuwar buta mai faɗin baki, ana so a nuna wa diloli kafin Sallah su yi oda, ga shi ƙarfenta bai iso ba, balle a sami butar da za a ɗauka a kyamara. Manaja yana son ɗan gajeren bidiyo, butar tana zuba ruwa kamar gaske.

Manaja ya ce, "Bulus ya ce ka san abin nan. Za ka iya?"

Bakina ya riga hankalina. Na ce, "Zan iya, Yallaɓai."

Ya dube ni daga silifas zuwa hula. Ya ce, "To, kafin ashirin da bakwai ga azumi. In ka yi, ka dawo nan sama wurin Bulus. In ba ka yi ba, ka dai san inda sunanka yake."

Da muka fito Oga Bulus ya ce, "Sagir, ni fa cewa na yi kana kallo, ban ce ka iya ba." Na ce masa ai an riga an yi, wanda ya hau jirgi ba ya tambayar zurfin ruwa.

Ga yadda ranakun suka riƙa tafiya. Zulai ta tashe ni sahur, ɗumamen tuwo da miyar kuka, in yi ta ɗura ruwa har cikina ya riƙa ƙugi in na motsa. In yi asuba, in taka daga Ja'en zuwa bakin kamfani kafin shida, don kuɗin Adaidaita ya koma na ƙanƙarar buɗe baki. Daga shida zuwa biyu ina bakin inji. Rufin kwano ne, injina takwas suna huci, kafin ƙarfe goma ruwan sahur ya gama fita ta goshi. Wajen sha biyu leɓe ya bushe ya fara tsagewa, hira ta mutu, ba ka jin komai sai bugun inji da faɗowar buta. In an tashi mu yi azahar a ƙarƙashin darbejiyar bakin sito, kowa ya nemi inuwa ya miƙe. Ni kuwa in hau sama, don janareto ƙarfe biyar ake kashe shi, awa uku ke nan gare ni a rana.

Oga Bulus ya ba ni tsohuwar kwamfutarsa, ya sauko mini da manhajar, irin wadda ake bai wa masu koyo kyauta. Na buɗe na ga ba fensir, ba buroshi, ba komai sai fili da wasu akwatuna. Ni a zatona zana ruwan ake yi. Ashe ba a zana ruwa, doka ake kafa masa. Akwati ɗaya ya ce ga inda ruwa zai fito. Wani ya ce nauyi ya ja shi ƙasa. Wani ya ce wannan bango ne, kar ka ratsa. Wani ya faɗi kaurinsa. Ka haɗa akwatunan da igiya ɗaya bayan ɗaya, ka danna, ka naɗe hannu. Kwamfuta ta yi ta lissafin dubban ɗigo, hoto bayan hoto, hoto ashirin da huɗu kafin a sami daƙiƙa guda. Abin da za a kalla cikin daƙiƙa biyar sai ya ci awa biyu. In ka yi kuskure a akwati na biyu, ba za ka sani ba sai ƙarfe huɗu da rabi.

Malamaina kuwa Turawan bidiyo ne masu magana ta hanci, da sauri kamar ana korarsu. In tsayar, in mayar baya, in tsayar, darasin minti goma ya ci mini wuni. A satin farko ruwana ya ratsa butar ya wuce kamar ba ta nan. Da na gyara wannan, sai ya tarwatse ya cika allon gaba ɗaya. Rana ta tara kwamfutar ta yi zafi ta mutu ana saura hoto shida. Muka ɗaga ta bisa bulo biyu, muka juya mata fankar ofis, mu muka zauna cikin gumi. Sau biyu mai janareto yana kashewa kafin biyar saboda dizal ya ƙare, aikin wuni ya tafi. Na leƙa ta taga na zazzaga masa abin da bai kamaci mai azumi ba, daga baya na sauka na ba shi haƙuri.

Abu guda na Oga Bulus ba na mantawa. Shi ba ya azuminmu, amma tun ranar da na fara hawowa ban ƙara ganin gorar ruwansa a kan tebur ba. In ƙishi ya dame shi sai ya ce zai je duba wani abu a sito, ya dawo yana goge baki a ɓoye. Na ce masa, "Oga, don Allah ku sha ruwanku, ba komai." Ya ce, "Kai da kake kallon ruwa awa uku ba ka sha, ni ma in ƙara maka?"

Gaskiyarsa ne. Ban san azabar ƙishi ba sai a gaban allon nan. Maƙogwaro a bushe, ido yana kan ruwa mai sheƙi yana gangarowa, ka san na ƙarya ne, amma jikinka bai sani ba. In na koma gida kuma, rijiyar gidan hayarmu ta ƙafe, sai mun jira 'yan garuwa, jarka biyu ta wanka da girki da wankin tsumman Ummi. Mu sha kunun tsamiya, ran da aka samu da ƙosai, ran da ba a samu ba a sha shi haka.

Ran sha huɗu ga azumi ruwan ya shiga buta ya zauna, na karkata ta, ya fito ta baki. Na yi kabbara har Oga Bulus ya zabura. Amma da muka kunna daga farko, murna ta koma ciki. Ruwan yana fitowa a hankali, da nauyi, kamar ana tsiyayar zuma. Kafin ya kai ƙasa mutum zai iya zuwa ya dawo. Kuma in ya sauka, maimakon ya fantsama, sai wani farin abu kamar ƙura ya tashi.

Kwana takwas na yi ina kokawa da abin nan. Na rage kauri har ƙarshe, bai canza ba. Na ninka nauyi sau goma, ya yi sauri amma ya koma kamar yashi. Na ƙara wa bidiyon gudu, Oga Bulus ya kalla ya girgiza kai, ya ce ko yaron goye ba zai yarda ba. Na sake komai daga farko har sau uku. Zuciyata ta yi baƙi, na daina amsa gaisuwa sosai. Wata rana da buɗe baki Zulai ta ce, "Abban Ummi, ko dai ka je ka gaya wa mutumin nan gaskiya, tun da sauran mutunci?" Na daka mata tsawa har yarinyar ta farka da kuka. Ta ɗauke ta ta fita tsakar gida. Har yau in na tuna ina jin kunya.

Ran ashirin da biyu, bayan la'asar, Malam Ilu ya hawo sama. Bai taɓa hawa ba. Ya ce ya ga kwana biyu ba na zama ƙarƙashin darbejiya, ya zo ya ga abin da ke cinye ni. Oga Bulus ya ba shi kujera, ya ƙi, ya tsaya a bayana yana riƙe da hularsa. Na kunna masa don dai kar ya ce na raina shi. Ya kalla, ya ce in sake. Na sake.

"Wannan wane kogi ne?"

"Ba kogi ba ne, Baba, buta ce. Ga ta nan kuna gani."

"Na ga buta. Amma ruwan ba na buta ba ne."

Na ce a raina, yau ga wata sabuwa, ina fama da abin da ya dame ni. A fili na ce, "Ai matsalar ke nan, Baba, kwamfutar ce ba ta yi daidai ba."

Ya ce, "A'a. Ruwan nan bai yi ƙarya ba. Ni na san shi. In damina ta yi nisa aka saki ruwa daga dam, haka yake saukowa, kana ganinsa kamar ba ya tafiya, alhali zai iya cin gari. Ka ga wancan farin da yake tashi a ƙasa? Sai ruwa ya faɗo daga nesa yake yin haka. Ƙaramin ruwa rawar kai gare shi, babba ne ke tafiya da nauyi." Ya nuna allon da haɓa. "Ɗana, butarka ce ta yi girma."

Na buɗe baki zan yi musu, Oga Bulus ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Sagir, a manhajar nan taka, in an rubuta ɗaya, ɗaya me ake nufi?"

Na duba. Mita ɗaya.

Ya dafe kai ya ce, "Yesu!" Su masu zana ƙarfen zubi, tun da aka halicce su da milimita suke awo, ba wanda ke tambaya, ba wanda ke rubutawa. Tsayin butar a zanensa ɗari biyu da hamsin ne. Na ɗauko zanen na zuba a manhajata yadda yake, ita kuma ta karanta mita ɗari biyu da hamsin. Kwana takwas ina karkata butar da ta fi Dutsen Dala tsayi nesa ba kusa ba, ina zagin ruwa don ya ƙi sauri. Ba a faɗi wannan a bidiyon Turawan ba, ko an faɗa ya wuce ni ta hanci.

Akwati ɗaya na ƙara, na ce a raba girman da dubu. Na mayar da nauyi da kauri yadda na same su. Ba mu ga sakamako a ranar ba, biyar ta yi. Washegari aka yi rabi janareto ya tsaya. Sai rana ta uku muka kalla, mu uku, don na sauka da kaina na kira Malam Ilu. Butar ta karkata, ruwa ya zubo tsililin, ya murɗe kaɗan a bakin, ya bugi ƙasa ya fantsama. Na ji maƙogwarona ya motsa da kansa.

Malam Ilu ya gyaɗa kai. Ya ce, "Yauwa. Wannan a yi alwala da shi." Ya sa hularsa ya sauka.

Ran ashirin da shida na kai wa Manaja. Ya kalla sau huɗu, ya kira akantan kamfani ya nuna masa, ya tura wa diloli nan take. Ya ce, "Kai kaɗai ka yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Yallaɓai, Oga Bulus ya taimaka da kwamfuta."

Iyakar abin da na faɗa ke nan. Ba wai na yi niyyar ɓoye wani ba ne. Ina tsaye gaban mai ƙwace abincina ko ya bar mini, ga sanyin ofis yana ratsa ni, na ga ba wurin da zan sa labarin wani dattijo da kogin Haɗeja. Kuma, in faɗi gaskiya, ban so a san kwana takwas na yi ina dambe da abin da wanda bai taɓa riƙe maus ɗin kwamfuta ba ya gani cikin minti ɗaya.

Da yammar nan ruwan farko ya sauka. Ya same ni a hanya wajen layin dogo, ban fake ba. Ƙamshin ƙasa ya tashi, kwatocin Sharaɗa suka cika da ruwa mai launi-launi, ma'aikata suna gudu da leda a ka. Na isa gida sharkaf, na tarar Zulai ta jera duk wani bokiti da roba a bakin indararo. Na gaya mata an karɓa. Ta zauna a bakin ƙofa ta rufe fuska da mayafi, ta yi ta hamdala. Mun yi Sallah da daɗi, ba zan ɓoye ba.

Ranar da aka koma aiki, tun daga nesa na hango cincirindo a bakin get. An manna takardar waɗanda aka sallama a jikin ɗakin mai gadi. Na kutsa ina duba sunana, duk da alkawarin da aka yi mini. Sunaye goma sha biyar ne, an buga su da inji. Suna na tara nawa ne, Sagir Musa, an ja masa layi da jan biro. Na sauke ajiyar zuciya. Sannan idona ya sauka ƙasa. A can ƙarshe, da biron nan dai, da rubutun hannun Manaja, an ƙara suna guda: Iliyasu Haɗeja, inji na huɗu.

An ce goma sha biyar, to sai sun cika goma sha biyar. Ban taɓa tsayawa na yi wannan tunanin ba, ko sau ɗaya cikin watan nan.

Na haura sama da gudu. Na gaya wa Manaja komai, da dam ɗin, da milimita, da cewa ba don dattijon nan ba da babu bidiyo. Ya saurare ni, ban ce bai saurara ba. Ya ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba ran nan da na tambaye ka? Yanzu takarda ta riga ta je wurin masu kamfani. Kuma inji na huɗu za a kashe shi." Ko da na faɗa a ranar zai canza wani abu? Ban sani ba. Na yi shekaru ina juya tambayar nan, wani lokaci in ce a'a don in samu barci.

Na sauko na same shi a waje, gefen mai shayi, da 'yar jakar da yake zuba rigar aiki. Ya gan ni ya washe baki.

"Ɗana, an ce ka haye. Alhamdu lillahi. Ka ga amfanin karatu."

Na durƙusa a gabansa cikin taɓo. Na ce, "Baba, ku yafe ni. An tambaye ni wa ya taimaka, ban faɗi sunanku ba."

Ya ce, "Tashi, tashi, kar ka ɓata wando. Me za ka ce musu? Ilu ya san ruwa? Ai kowa a garinmu ya san ruwa." Ya kama hannuna ya ɗaga ni. "Abincina ne ya ƙare a nan. Kai kana da jaririya, ni nawa sun girma. Dama gwiwa ta fara ba ni labari."

Muka tsaya, ana ta kiran sunaye ana miƙa ambulan ɗin kuɗin sallama ta tagar mai gadi. Can ya ce, "Abu ɗaya dai. An ce an sa wa bidiyon nan naka launi da sunan kamfani, ban ga wannan ba. In babu damuwa in hau in gani sau ɗaya, in sami abin ba su labari a gida."

Na ce ai dole. Na riƙe masa jaka muka nufi ƙofa. Mai gadi ya fito ya tare, mutumin da suka shekara goma suna cin goro tare da Malam Ilu. Ya kasa kallon fuskarsa. Ya ce, "Malam Ilu, ku yi haƙuri don Allah. An ce duk wanda sunansa ke jikin takarda kar ya wuce nan."

Na fara ɗaga murya, Malam Ilu ya dafa kafaɗata. Ya karɓi jakarsa daga hannuna.

"Bar shi, aikinsa yake yi. Shiga, kar ka makara ranar farko."

Aka busa ƙahon shiga aiki. Na shiga.